Layin Kusanta: Daga Apollonius Zuwa Aljabara

Layin kusanta, ko asimtot, shi ne miƙaƙƙen layin da wani lanƙwasasshen layi ke ta matsowa gare shi har tazarar da ke tsakaninsu ta gaza kowane adadi da za a ambata. A makaranta ana nemansa a lissafin kaso, inda jimlar aljabara ɗaya ke sama wata ke ƙasa, amma ya girmi wannan dabara da ƙarnoni masu yawa, kuma mantawa da asalinsa ne ke jefa ɗalibai cikin kuskure.

Apollonius na Perga, wanda ya rayu wajen shekara ta 200 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi bayanin layin kusanta a juzu'i na biyu na littafinsa kan siffofin da ake samu idan aka yanka dunƙule mai ƙirar mazurari. Ya tabbatar cewa haifabola, ɗaya daga cikin waɗannan siffofi, tana kusantar layuka biyu ba tare da ta taɓa su ba, da hujjar zane zalla. A ƙarni na 9, 'ya'yan Musa ibn Shakir suka sa aka fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza, Sabit ibn Kurra ya ɗauki juzu'i na biyar zuwa na bakwai, waɗanda yau ba su da asali sai na Larabcin. Umar Hayyam ya yi amfani da haifabola da layukanta wajen warware lissafi mai daraja uku. Sai a 1637 Descartes ya haɗa zane da aljabara, a 1704 kuma Newton ya kasa lanƙwasassun layuka masu daraja uku gida 72, yana duban yadda rassansu ke tafiya idan sun yi nisa. Ma'anar iyaka, wato adadin da ake ta matsowa gare shi, wadda komai ya dogara a kanta, Cauchy ne ya daidaita ta a 1821.

Wani zai ce tarihi bai ƙara wa mai jarrabawa komai ba, tunda dokar gajera ce: inda ƙasa ta zama sifili akwai layi a tsaye, kwatanta darajar sama da ta ƙasa kuma yana ba da na kwance. Dokar tana aiki, amma taƙaitawa ce kawai. A (x² − 1)/(x − 1), ƙasa na zama sifili idan x ya zama 1, duk da haka babu layin kusanta a wurin, gurbi ɗaya ne kawai a jikin miƙaƙƙen layi, domin sama ma ta zama sifili. Haka maganar da ake yawan yi cewa ba a taɓa layin, gadon haifabola ce da aka shimfiɗa inda ba ta kai ba: x/(x² + 1) yana ratsa layinsa na kwance daidai inda x yake sifili, sannan ya koma kusantarsa daga sama.