Taubasantaka a Ajin Rainon Yara: Abin Ɗauka da Inda Ta Gaza

Dabarun da Najeriya ta fi dogara da su wajen haɗa kan 'ya'yanta duk manya suke kamawa. An kafa hidimar ƙasa ta NYSC a 1973, shekara 3 bayan yaƙin basasa, don ɗan Kano ya ɗanɗani zaman Kalaba, ɗan Inugu ya san Sakkwato. Kwalejojin tarayya kuwa sai yaro ya gama firamare suke ɗaukarsa. Kafin lokacin ya riga ya sauke karatun farko a kan wane ne nasu, wane ne bare, kuma a tsakar gida da bakin layi ya yi shi. Tun a shekarun 1940 masu bincike Kenneth da Mamie Clark suka nuna haka a Amurka, inda suka ajiye 'yar tsana fara da baƙa a gaban yara baƙar fata 'yan shekara 3 zuwa 7, mafi yawansu suka ce farar ce mai kyau. Yaro yana ganin bambanci da wuri, yana kuma ɗaukar farashin da manya suka sa masa.

Saboda haka malamar da ke cewa yara "duk ɗaya muke" tana faɗa musu abin da idonsu ya ƙaryata. Hujjata a wannan maƙala ita ce al'adarmu tana da hanyar da ta fi wannan gaskiya, wato wasan taubasantaka, sai dai tana da iyakar da ba mu cika son ambata ba.

Bahaushe bai ɓoye bambanci ba, wasa ya mayar da shi. Bafulatani da Babarbare, Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi, kowanne yana da ikon ya kira ɗan'uwansa bawansa a tsakiyar kasuwa, a yi dariya a watse. A cikin gida ma ɗan mace da ɗan namiji haka suke, har da karɓar kuɗin shara a watan cika-ciki. Jamhuriyar Nijar ta ɗauki abin da muhimmanci har UNESCO ta shigar da shi jerin al'adun gadon ɗan'adam a 2014. Idan aka duba ƙa'idojinsa za a ga tarbiyya ce cikakkiya: ana faɗin bambancin a fili, ba a fushi, ba a zubar da jini, kuma in abokin wasa ya shiga matsala hakkinsa yana wuyanka. Abin da ya fi komai shi ne wanda aka tsokana yana da bakin ramawa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne Gordon Allport ya kafa a littafinsa na 1954 a kan ƙyama tsakanin al'ummomi, inda ya ce cuɗanya kaɗai ba ta kashe ƙyama sai ɓangarorin biyu sun haɗu a matsayi ɗaya, suna aiki don buri ɗaya, da goyon bayan masu iko. Kakanninmu ba su karanta Allport ba, amma sun san ba a taubasantaka da wanda ba zai iya mayar da martani ba.

A nan ne gizo yake saƙar. Na taɓa zama a bayan wani ajin rainon yara ina kallo. Wata yarinya zabiya tana zaune a bencin ƙarshe, ta kanne ido tana leƙen allo, littafinta kusan manne da hancinta. Da aka fita tara, yara uku suka kewaye ta suna kiranta baturiya, suna tafi. Malamar ta leƙo ta taga ta ce, "Ku bari mana, ke kuma ai wasa suke miki." Ba wasa ba ne. Yarinyar ba ta da dangin zabiyoyi da za su tsaya mata, ba ta da wata tsohuwar yarjejeniya da ta ba ta ikon ramawa. Haka kurma yake, haka mai in'ina, haka almajirin da ke jiran ragowar abinci a ƙofar makarantar. Taubasantaka ta tanadi kujera ga ƙabilu da garuruwa masu ƙarfi ɗaya, ta bar waɗannan a tsaye.

Harshenmu ma yana da nasa laifin. Wanda Hausarsa ba ta nuna ba mukan ce yana gwaranci, mun mayar da sunan al'umma guda sunan kuskure. Wanda ba Bahaushe ba mukan ce "ƙabila ne", kamar mu ba ƙabila ba ne. Ɗan shekara 4 yana haddace waɗannan kafin ya haddace baƙi da wasali.

Doka ta yi nata: sanarwar Salamanka ta 1994 ta nemi a koyar da yara masu buƙata ta musamman tare da sauran yara, kuma a Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu a Najeriya. Amma doka ba ta shiga filin tara. Abin da malama za ta iya aro daga taubasantaka shi ne ma'auninta: in su biyu suna dariya kuma kowa yana ramawa, wasa ne, in ɗaya ya sunkuyar da kai, an tashi daga wasa. Yarinyar nan zabiya kuwa, da an dawo da ita bencin gaba an gaya wa ajin dalili ƙarara, cewa idonta ba ya ganin nesa kuma ba ya son hasken rana, an kuma ba ta aikin raba alli, da yaran sun sami wani sunan da za su kira ta da shi.