Kwakwar Attagara: yadda baƙuwa ta ƙwace suna

Yau in ka ce "kwakwa" a kasuwar Maraɗi ko Damagaram, abin da za a miƙo maka shi ne farin yanka ɗin nan da ake jiƙawa cikin ruwa a kan faranti. Amma duba tsofaffin ƙamusoshin Hausa, irin na Bargery na 1934: kwakwa ita ce bishiyar da ake samun manja daga ƴaƴanta. Wadda muke tauna kuwa sai an ƙara mata kalma, a ce kwakwar Attagara.

Attagara shi ne sunan da Hausawa ke kiran Idah, birnin sarkin Igala, a bakin kogin Kwara. Kenan sunan yana nuna inda fatakenmu suka tarar da ita, ba inda aka haife ta ba. Haka muke yi wa baƙon abinci: masara ta ɗauki sunan Masar, alhali asalinta Amurka ne.

Asalin kwakwa can ne gaɓar tekun Indiya da tsibiran Fasifik. Larabawa na ce mata gyaɗar Indiya, kuma Ibn Battuta ya bayyana ta tun ƙarni na 14. Gaɓar Afirka ta Yamma kuwa sai bayan tafiyar Vasco da Gama zuwa Indiya a 1498, da jiragen Fotugal suka fara yawo da ita. Daga teku ta hau kogi, daga kogi ta hau jaki.

To, a tukunya fa? Nan ne bambancin yake. Mutanen Zanzibar da Mombasa kankare naman suke yi, su matse madararsa, su dafa shinkafa da kifi a ciki. A wurinsu kayan miya ce. Mu bishiyar ba ta son ƙasarmu, tana son laima da iskar teku, don haka ta zo mana da tsada, ƴar kaɗan. Abin da ya yi tsada ba a zuba shi a miya kullum. Sai ta zauna a ɓangaren kwaɗayi: a haɗa ta da dabino, a niƙa ta cikin kunun aya, a soya ta da sukari a yi kwakumeti.

Da manyan motoci suka fara kawo ta daga Kwatano da Lome ta gadar Gaya, sai ta yawaita har kalmar Attagara ta faɗi a hanya. Mai sunan na asali kuwa, mu ƴan Nijar ba mu ma san ta ba sai a kwalbar manja.