Tukunyar dafa ruwa mai aiki da ƙwayar katako: kulawa da gyaran matsaloli

Ƙwayar katako garin katako ne da aka busar aka matse shi da inji, ya fito ƙanana-ƙanana kamar abincin kifi. Kaurinta milimita 6 ne ko 8, tsawonta ba ya wuce milimita 40. Kilo 2 nata kan ba da zafi kusan daidai da lita 1 ta man dizal. Tukunyar da ke ƙona ta ta fi yaɗuwa a ƙasashen sanyi irin su Ostiriya, Suwidin da Italiya, inda ake ɗumama gidaje da ita. A gona kuwa ruwan zafinta yana amfani wajen jiƙa shinkafar gumi, busar da hatsi da ɗumama ɗakin 'yan tsaki. Wannan bayani ya shafi tukunyar ruwan zafi ne kawai. Tukunyar tururi mai matsi sosai aikin ƙwararre ce.

Yadda take aiki

Ana zuba ƙwaya a mazubi. Wani ƙarfe mai murɗi kamar sukuru yana turo ta kaɗan-kaɗan zuwa kaskon wuta. Makunnin lantarki ya kunna ta, fanka ta hura mata iska, zafin ya bi ta bututun da ruwa ya kewaye, hayaƙi ya fita ta sama. Abu uku ne ran aikin: busasshiyar ƙwaya, isasshiyar iska da lantarki tsayayye. Idan tukunya ta tsaya, a fara duba waɗannan kafin a kira makanike.

Zaɓen ƙwaya da ajiyarta

Ƙwaya mai kyau danshinta bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Tana da santsi da ɗan sheƙi, ba ta marmashewa a hannu, kuma idan aka jefa ta cikin kofin ruwa nutsewa take yi. Mafi inganci, wadda ake kira A1 a ma'aunin Turai, tokarta ba ta wuce kilo 7 a kowane tan ba. Ɓuntun shinkafa kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ne, wato wajen kilo 200 a tan. Don haka kada a zuba ƙwayar ɓuntu a tukunyar da aka ƙera don katako zalla, domin toka za ta shaƙe kaskon cikin sa'o'i kaɗan.

A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, musamman da damina. Ƙwayar da ta sha laima kumbura take yi ta koma gari, garin ya toshe sukuru.

Jadawalin kulawa

Kafin kowane aiki a kashe tukunya, a cire ta daga lantarki, a bari ta huce.

Kullum: a kwashe tokar kasko, a buɗe ramukan iska da waya ko ƙusa, a dubi agogon matsin ruwa.

Kowane mako: a zubar da akwatin toka, a goge bututun zafi da buroshi, a share idon da ke gane wuta da tsumma mai laushi.

Kowane wata: a bar mazubi ya ƙare ƙaf, a share garin da ya taru a gindinsa, a duba igiyar da ke like ƙofa. Da hunturu a ƙara da share fanka, saboda ƙura.

Sau ɗaya a shekara: ƙwararre ya share bututun hayaƙi, ya gwada bawul ɗin tsaro, ya daidaita iska.

Matsaloli da maganinsu

Wuta ta ƙi kamawa. Galibi kasko ne ya cika da toka, ko ƙwaya ta jiƙe. Idan an share an sauya ƙwaya amma har bayan minti goma babu ɗumi ko hayaƙi, makunni ya ƙone, sai a sauya shi. A kwashe ƙwayar da ta taru a kasko kafin a sake kunnawa. Kada a taɓa zuba kananzir ko fetur.

Ƙwaya ba ta saukowa. Idan ana jin ƙugin mota amma sukuru ba ya juyawa, gari ne ko dutse ko ƙusa ya maƙale. A cire lantarki kafin a sa hannu.

Baƙin hayaƙi da wuta ja mai lanƙwasa. Iska ce ta yi kaɗan. A duba ramukan kasko, fanka da bututun hayaƙi. Lafiyayyar wuta ruwan ɗorawa ce mai haske, tana tsaye.

Toka ta daskare kamar kashin maƙera. Ƙwayar tana da yashi ko ɓawo da yawa. Sauya ƙwaya ne magani, ba sauya inji ba.

Ana cin ƙwaya amma ruwa ba ya zafi. Kunkunniya ta rufe bututun zafi, ko ruwan rijiya mai gishiri ya bar farin ɓawo a ciki. Na farko buroshi ne maganinsa, na biyu sai ƙwararre ya wanke.

Matsin ruwa yana sauka. Idan tukunya na sanyi, agogo ya kamata ya nuna ba 1 zuwa 1.5. Idan kullum sai an ƙara ruwa, akwai yoyo. Bawul ɗin tsaro kan buɗe a ba 3. Idan yana ɗiga, kada a toshe shi, a nemo dalili.

Ɗaukewar lantarki. Famfo da fanka za su tsaya alhali wuta na ci, ruwa ya tafasa, hayaƙi ya koma mazubi. Kada a buɗe ƙofa nan take. Ƙungiya ta tanadi batir da inbata ko janareta, da na'urar daidaita ƙarfin wuta don kare allon kwamfutar tukunyar.

Tsaron rai

Wutar da ba ta samun iska tana fitar da gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Ita kanta ƙwayar da aka tara a rufaffen ɗaki tana fitar da wannan guba ko babu wuta, kuma ta kashe mutane a rumbunan ajiya a Turai. A buɗe ƙofa iska ta ratsa kafin a shiga, kuma kada mutum ya shiga shi kaɗai. Wanda ya ji ciwon kai, jiri ko tashin zuciya kusa da tukunya, a fitar da shi waje, a kai shi asibiti. Toka kuma a zuba ta a bokitin ƙarfe mai murfi, domin garwashi kan kwana biyu a ciki bai mutu ba.

Shawara ga ƙungiyoyi

Kayan jama'a shi ya fi saurin lalacewa idan ba mai alhakinsa. A naɗa mutum biyu su kula da tukunya, a ajiye littafi a rubuta ranar shara, buhunan da aka ƙona da lambar kuskuren da allo ya nuna. A riƙa ware kuɗi kaɗan daga kowane buhun shinkafa da aka sarrafa, a sayi makunni, fiyus da igiyar ƙofa a ajiye tun kafin kaka, domin a lokacin ne tsayawar kwana uku kan sa jiƙaƙƙiyar shinkafa ta yi tsami.