Cutar ruɓewar saiwar alkama da ire-irenta

Cutar da manoman Ostareliya suka laƙaba wa suna take-all, wato mai cinye duka, ita ce masana ke ɗauka a matsayin mafi muni cikin cututtukan saiwar alkama a duniya. Tun a ƙarni na 19 aka fara ba da rahotonta a kudancin Ostareliya, yanzu kuwa an san ta a Turai da Amurka da Sin.

Wata ƙwayar cuta dangin funfuna, mai suna Gaeumannomyces graminis, ita ke haddasa ta. Takan fake a ragowar saiwa da tushiyar da aka bari a gona bayan girbi, kuma ta fi yaɗuwa a ƙasa mai danshi da ɗan sanyi.

Alamominta

Saiwar da ta kamu takan yi baƙi ta ruɓe, har ta kasa zuƙo ruwa da taki. Shukar sai ta tsumbure, zangarniya ta yi fari tun kafin lokacin nuna, ƙwayar kuma ta motse ko ta ƙi fita sam. Ɓarnar ta fi tsanani a shekara ta biyu zuwa ta uku da aka maimaita alkama a gona ɗaya.

Ire-iren ƙwayar

A 1972 wani masani a Ostareliya, John Walker, ya kasa ƙwayar gida uku. Irin da ake kira tritici na kama alkama da sha'ir. Irin avenae na kama hatsin da Turawa ke kira ot. Na ukun, graminis, an fi samunsa a shinkafa da ciyayi. Daga baya aka gano na masara a Sin. A 2016, bayan nazarin ƙwayoyin halittarsu, masana suka ware waɗannan ire-ire a matsayin jinsuna masu zaman kansu.

Wannan bambanci na da muhimmanci ga manomi. Saiwar ot na fitar da wani sinadari, abenasin, mai hallaka irin da ke kama alkama, don haka ana iya shuka ot domin hutar da gona. Amma irin avenae na da sinadarin da ke karya dafin abenasin, saboda haka inda ya yawaita dabarar ba ta aiki.

Ko a cikin irin alkamar ma akwai bambanci. Bincike a cibiyar Rothamsted ta Ingila ya nuna cewa ya kasu gida biyu, kuma ana samun duka biyun a gona ɗaya. Haka nan akwai waɗanda maganin siltiyofam, da ake cuɗa iri da shi, ba ya yi musu komai.

Hanyoyin kariya

Har yanzu babu irin alkamar kasuwa da ke da cikakkiyar garkuwa daga cutar. Babbar kariya ita ce sauya shuka: shekara guda ta wake ko dankalin Turawa, tare da kawar da ciyayin da ke ɗauke da ƙwayar, kan rage ta ƙwarai.

An kuma lura cewa in aka dage da noman alkama shekaru da dama a jere, cutar kan lafa bayan ta yi tsanani, sakamakon yawaitar wasu bakteriya masu yaƙarta a kewayen saiwa. Sai dai manomi kan yi asara kafin a kai nan.

Shi ya sa masana ke ba da muhimmanci ga tantance irin ƙwayar da ke cikin gona kafin a zaɓi magani ko shukar da za ta biyo baya.