KAYANMU NA LANDAN DA WAƊANDA GARA KE CI A GIDA

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshe kafin a zo da raddi.

A watan Yunin 2025 ƙasar Holan ta dawo wa Najeriya da kayan tarihi guda 119 na Masarautar Benin. Kafin ita, a 2022, Jamus ta sa hannu kan sakin sama da guda 1,000, ta kawo rukunin farko Abuja a watan Disamba. Duk kayan nan sojojin Ingila ne suka kwashe su a 1897, lokacin da suka ci birnin Benin da yaƙi suka ƙona fada. Duk sanda irin wannan labari ya fito sai ka ga mutanenmu sun cika Facebook da "mu namu fa, yaushe za a dawo da su?" Tambaya ce mai kyau. Amma ka tare mutum ka ce masa, to naku wanne, yana wane gari, wa ya ɗauka, a wace shekara? Sai ka ji shiru. Mutanen Benin sun san abin da suke nema ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa ko lissafi ba mu da shi.

Allah Ya taɓa kai ni Landan, na shiga British Museum, babban gidan tarihin Birtaniya. An kafa shi a 1753, aka buɗe wa jama'a a 1759, wato kafin jihadin Shehu da shekara arba'in da biyar. Shiga kyauta ne, ba ko sisi. Kayan da ke hannunsu sun kai kusan miliyan 8, amma abin da suka fito da shi ake kallo bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, sauran na ajiye a ɗakunan da mai yawon kallo ba ya zuwa. Sashen Afirka yana ƙasa, sai ka sauka bene, ɗaki na 25. A nan aka jera allunan tagullar Benin, kuma a nan na ga 'yan firamare zaune a ƙasa da fensir da takarda suna zana su, malamarsu na yi masu bayani. Wallahi abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Yaro ɗan shekara bakwai a Landan yana koyon tarihin ƙasarmu da idonsa, namu yaron a Roni ko Gwiwa zai gama sakandare bai taɓa ganin takobin da aka yi yaƙi da shi ba.

Idan ka shiga shafinsu na intanet ka rubuta Hausa, za ka ga manyan riguna masu aska, da huluna, da kayan dukawa, da ƙorai masu zane. Galibi za ka tarar da sunan Baturen da ya saya ko ya bayar da su. Sunan maɗinkin da ya share watanni yana zuba wa rigar aiki kuwa babu.

Yaya aka yi kayan Arewa suka isa can? Hanya uku ce, kuma ya kamata mu riƙa bambancewa don kada mu yi ta ihu a kan abin da kakanninmu suka sayar da hannunsu.

Ta farko ciniki ne da kyauta. Kilafatan ya zo Kano a 1824, ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bat, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suke kaiwa har Tumbuktu da Gat da Tarabulus. Jar fatar akuyar Sakkwato ta daɗe tana tsallake Sahara, a Turai ana kiranta fatar Maroko saboda ta can take bi. Waɗannan kaya a kasuwa aka saye su. Shi Bat ɗin ma da yara biyu ya koma Turai a 1855, Dorugu da Abbega. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, kuma daga bakinsa aka rubuta labaran da suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Ya dawo gida, a ƙarshen rayuwarsa ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa, ya rasu a Kano a 1912. Ashe Bahaushe ya riga mu kallon Landan da shekara 170, har ya bar bayanin abin da ya gani.

Ta biyu yaƙi ne. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Abin da aka ɗauka a fagen fama da fadoji ganima ce ta zalunci, kuma a kansa muke da hujja irin ta Benin.

Ta uku ita ce mai ciwo, don da hannunmu a ciki. Tun 1928 masu haƙar kuza suka fara tono sassaƙen yumɓu na Nok. A shekarun 1990 aka yi ta tonon dare a ƙasashen Kaduna da Katsina da Sakkwato, dillalai suna saye da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su fitar ta kan iyaka. A shekarar 2000 sai ga irinsu an baje a gidan tarihin Luba na Faris. Da aka yi ta ce-ce-ku-ce, Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, aka ba ta aron shekara 25. Ba Bature ne ya riƙe fartanyar tonon nan ba, jama'a.

Kada wani ya ce ina wanke su. Dokar 1963 ta hana British Museum fitar da kayan da ke hannunsa, shi ya sa har yau kusan guda 900 na Benin suna can. Hujjar da aka daɗe ana kafawa ita ce wai sun fi mu iya ajiya. A 2023 su da kansu suka sanar cewa kusan kaya 2,000 sun ɓace ko sun lalace a ma'ajiyarsu, har shugaban gidan ya ajiye aiki. To wannan hujja ta mutu. Amma mutuwarta ba ta share mana namu laifin ba.

Mu dubo gida. Gidan Makama a Kano, wanda aka gina wa Muhammadu Rumfa tun ƙarni na 15, yana nan a buɗe, da tsofaffin ƙyauren ƙofofin birni a ciki. Mutum nawa a cikinmu ya taɓa shiga, bayan kullum muna wucewa ta Ƙofar Kudu? A Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Katsina an tono kayan sarakunan da suka gabaci Korau, an kai Jamus an gyara, an dawo da su. A jiharmu kuma akwai zanen kan dutse na Birnin Kudu, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da duwatsun da ake bugawa su yi ƙara kamar ƙuge. Masana daga waje sun yi rubutu a kansu tun shekarun 1950. Ɗan Kazaure nawa ya san da su? Daura ga ta nan kusa da mu, da rijiyar Kusugu. Su sun riƙe nasu, shi ya sa baƙo ke bi ta tsakiyar garinmu ya wuce can.

Alhali Kazaure ba ƙaramin tarihi gare ta ba. Tarihin baka ya ce maharbi ne mai suna Kutumbi ya hango kwarin da duwatsu suka kewaye ya ce wurin nan kamar zaure, sunan ya bi gari. Ɗan Tunku ya taka rawa a yaƙin da ya kawo ƙarshen mulkin Sarkin Kano Alwali, daga baya ya ƙi bin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, aka yi ta gwabzawa har Sakkwato ta tabbatar da ƙasar nan a matsayin masarauta mai cin gashin kanta. Ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya zaunar da sarauta a Kazaure. Daga nan Zangi, sai Mayaƙi wanda a zamaninsa Turawa suka zo. Ƙasar iyaka ce, ta sha fama da hare-haren Damagaram. Ƙasar da ta yi shekara da shekaru a bakin daga ba za ta rasa sulke da lifidi da garkuwa da wasiƙun sarakuna ba. Ina suke yanzu?

Suna cikin gidajenmu, kuma suna ƙarewa. Ni na ga kundin kakanni da gara ta mayar ƙasa a cikin adaka, ba wanda ya buɗe sai ranar rabon gado. Na ga tsohuwar tasa da kwalla da mundaye an auna wa 'yan jari bola a kan sikeli. Akushi ya zama makamashi. Gadon ƙarfe mai rumfa, masaƙa, mazari, tandu, duk yaranmu ba su san sunansu ba. Tsoho kuma idan ya rasu, sunayen ƙofofi da unguwanni da rijiyoyi sun bi shi kabari.

Na san wani zai ce gidan tarihi ai gidan gumaka ne. Malam, Alƙur'anin da mahaddaci ya rubuta da hannunsa shekara ɗari da hamsin da suka wuce gunki ne? Gafakarsa fa, da allonsa da ƙasan tawadarsa? Su ne shaidar cewa muna da karatu da rubutu tun kafin boko ya zo.

Abin da nake roƙo ba babba ba ne. Ɗaki biyu ko uku a cikin garin Kazaure, ƙarƙashin kulawar masarauta, don mutane sun fi sakin jiki da fada. Kowane gida ya kawo abinsa aro, a rubuta sunan mai shi da garinsa da labarinsa, a ba shi takardar shaida, ya karɓa duk ranar da ya so. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a gari: ɗalibai su ɗauki waya su shiga Ɓaɓura da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, su naɗi muryar tsofaffi, su ɗauki hoton kowane shafi na kundi. Makarantu su riƙa kai yara ko sau ɗaya a zango. Ƙananan hukumomi da masu hannu da shuni su ɗauki albashin mai gadi da maganin gara.

Ranar da muka yi wannan, idan muka je wa Turawa da maganar a dawo mana da namu, da takarda a hannu za mu je, da kuma wurin ajiyewa.

Kafin nan, kowa ya leƙa ɗakin kakarsa a makon nan. Abin da ka samu ka ɗauki hotonsa, ka tambayi sunansa, ka saka mana a nan ƙasa. Kada ka sayar.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa Mai Martaba lafiya, Ya sa mu dace.