Gashish 2018: Darasin Da Har Yau Ba Mu Ɗauka Ba

Jama'a, duk lokacin da na ga ana yaɗa hoton gawa a Facebook da rubutun "yanzu-yanzu", sai watan Yunin 2018 ya faɗo mini a rai.

Ranar 23 ga watan aka kai hari ƙauyukan gundumar Gashish a ƙaramar hukumar Barikin Ladi, jihar Filato. Kisan gaskiya ne, 'yan sanda da kansu sun ce mutum 86 suka rasu. Amma kafin a san ainihin abin da ya faru, hotuna sun cika wayoyi: jariri da sara a kai, wani mutum an fasa masa kai. Washegari matasa suka tare hanyoyi a kusa da Jos, suna fito da matafiya daga mota. Mutum 11 aka kashe, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Da BBC ta bi diddigi a watan Nuwamba, sai ta gano hoton jaririn ya yi watanni yana yawo kafin harin, bidiyon kuma a Kongo Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012.

In kun lura da sharhin da ake yi a ƙarƙashin irin waɗannan hotuna, kusan kala uku ne: mai zagin ƙabila gaba ɗaya, mai kiran ramuwa, sai ɗan tsirarun da ke tambayar "a ina ne, yaushe?" Su na ƙarshen nan ake yi wa ca, a ce musu munafukai. Wallahi ni ma na taɓa tura hoto cikin fushi, daga baya na gane tsoho ne. Gogewa na yi, amma ya riga ya tafi.

A wannan ranar ta 23 ce Malam Abubakar Abdullahi, limamin ƙauyen Nghar, ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a gidansa da masallacinsa. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi. Mu nawa muka tura labarinsa da saurin da muka tura hoton jaririn?

Rashin tsaro gaskiya ne, kuma dole mu yi magana a kansa. Amma kafin ka danna, tambayi kanka: wa ya ɗauka, a ina, yaushe? Wataƙila ɗan'uwanka yana kan hanya a daidai lokacin.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.