Na'urar ɗab'in 3D da ƙera ƙananan samfura

Ƙera ƙaramar mota ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. Bayan girbi, yaran Kankia da Kusada kan fere karan dawa, su soka ɓawon a totuwa, su kwaikwayi manyan motocin da ke ratsa hanyar Kano zuwa Katsina. A Turai da Amurka har manya na wannan sha'awa, sai dai su da ma'auni suke aiki: 1:72 na nufin jirgin gaske ya ninka samfurin sau 72 a tsawo.

Su ne na'urar 3D ta fi sauya wa aiki. Ba ta sassaƙa. Wadda aka fi samu zaren roba take narkarwa, ta shimfiɗa shi hawa-hawa kamar mai ɗora tubali, kowane hawa kimanin milimita 0.2. Ba'amurke Chuck Hull ya sami haƙƙin mallakar wani nau'inta a 1986, amma farashi bai sauko ba sai bayan 2009, da wa'adin haƙƙin kamfanin Stratasys ya ƙare.

A da, sai abin da masana'anta ta ga dama ta zuba a ma'auninta. Yanzu mutum na iya zana taya ko ƙofa a kwamfuta, ko ya sauko da zanen daga intanet, ya fitar da kayarsa a ɗaki. Gogewa da fenti dai suna nan a hannu.

Cikas a nan gida lantarki ne. Samfuri ɗaya kan ci sa'o'i, kuma ɗaukewar wuta a tsakiya na iya lalata shi, ga zaren robar ma yawanci daga waje ake shigo da shi.